Mutumin da Ya Shuka Sharar Rumbu

Baba Habila Nomau ne ya fara faɗa mini wannan misali. Shi ne mai bishara na farko da ya zauna a Unguwar Kanya, tun cocinmu tana rumfar kara, muna zama a kan kututture. Ku yaran makarantar Lahadi ba ku riske shi ba. Dogo ne siriri, yana jan ƙafar hagu, kuma tunda nake ban taɓa jin ya yi gajeren wa'azi ba. Fasto ya ce in rubuta misalin yadda na ji shi, don malamanku su riƙa karanta muku. To ga shi. Inda rubutuna ya karkace ku gyara, amma maganar kada wanda ya taɓa mini ita.

A shekarar da maigidana ya tafi wurin Ubangiji ne. Ya bar mini yara ƙanana, da gona a kan tudu wadda ta daina ba da komai, da saniya guda da muke kira Guntuwa, don kura ta taɓa gutsure mata wutsiya. Yayan maigidana, Yaya Shekarau, ya tara dangi suka yanke magana: a sayar da saniyar, a bar gonar, ni in koma gidan ubana, yaran kuma a rarraba su gida-gida. Kada ku ce mugu ne. Ba mugu ba ne. Gonar ya duba ya ga ko akuya ba za ta ciyar ba, balle mace da 'ya'yanta. Suka ce in yi tunani kafin ruwa ya sauka.

Wata rana da la'asar ina zaune a bakin gonar, Guntuwa tana lasar ƙasa don babu abin ci, sai ga Baba Habila ya dawo daga gaishe-gaishe.

Ya ce, "Bilhatu, me kike kallo haka?"

Na ce, "Gawa nake kallo, Baba."

Ya ce, "Wa ya gaya miki ta mutu?"

Na ce, "Ba sai an gaya mini ba. Ina da ido."

Ya yi dariya, ya jingine sandarsa, ya zauna a kan dutse, ya miƙe ƙafar nan tasa. Ya ce, "To ba ni kunne, 'yata, tunda idon ya gama nasa aikin."

Ga abin da ya faɗa mini.

Akwai wani mutum da ya ci gadon gona daga wurin ubansa. A zamanin kakansa gonar takan cika rumbuna. A zamanin ubansa takan cika rumbu guda. Da ta zo hannunsa kuwa sai ta zama faƙo, ƙasa mai tauri wadda ko ruwa ba ya shigarta. In an yi ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce, ya tafi da 'yar ƙasar da ta rage. Inda ya shuka dawa, wuta-wuta ce take fitowa da furenta mai kyau kamar abin arziki, ta shanye dawar tun ba ta kai gwiwa ba.

Mutumin nan yana da mata, yana kuma da shanun huɗa biyu. Da bazara ta tsananta, abinci ya ƙare, sai ɗaya ya kwanta bai tashi ba. Ɗayan ya rage, daga nesa kana ganin haƙarƙarinsa. Matar ta ce, "Maigida, in wannan ma ya bi ɗan'uwansa, zamanmu a ƙasar nan ya ƙare. Sai mu ɗaure kaya mu bar gonar ubanka." Mutumin ya san gaskiya ta faɗa.

Yana da maƙwabci, gonarsu iyaka ɗaya. Maƙwabcin nan manomi ne na gaske, da shi ake kwatance. Da an gama girbi yakan kwashe kara tas, ya share gona, ya tara abin da ya rage ya cinna masa wuta, har gonar ta yi fes kamar tsakar gida ranar biki. Haka al'adar ƙasar take, gona mai shara abin kunya ce. Iri kuma kowanne da tulunsa, an barbaɗa toka an liƙe bakin da laka. Sun san haɗa gero da wake, amma kowanne da layinsa da ranar shukarsa. Macen da ta bar irinta ya cakuɗe kuwa, sai an yi da ita a bakin rijiya.

Ana nan, damina ta kama, gonar mutumin tana nan yadda take. Wata rana san nan da ya rage ya tsinke igiya. Mutumin ya bi sawunsa har bayan gari, ya same shi a gefen masussuka, inda mata suke sussuka da sheƙa. A wurin nan iska takan watsar da kowace irin ƙwaya, ba mai kula. Ga gero, ga maiwa, ga wake ya fara hawansu, ga kabewa ta fara shimfiɗa, ga riɗi, ga rama, ga ciyawar kyasuwa, duk sun fito a cakuɗe. Ba wanda ya shuka su, ba wanda ya nome su. San kuwa ya tsunduma kai yana ci, ko waiwaye bai yi ba.

Mutumin ya sunkuya ya tumɓuke abin da hannunsa ya kama. Sai ya ga saiwoyin ba iri ɗaya ba ne. Wata ta nutsa can ƙasa, wata ta bazu a kusa kamar gashi, ta wake kuwa da 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ƙasar da ta biyo su baƙa ce, mai sanyi, tana warwatsewa a hannu kamar dambu, ga tana, tsutsar ƙasa, tana motsi a ciki.

Ya daɗe a tsugunne. Sa'an nan ya ce a ransa, "Wurin nan ba wanda ya share shi, ba wanda ya ƙone shi, ba kuma wanda ya ce masa abu ɗaya za ka haifa. Ashe gonata ba mutuwa ta yi ba. Tsirara muka bar ta, kuma tun zamanin kakana abu ɗaya muke karɓa a wurinta, ba mu mayar mata da komai."

Ya koma gida ya ɗauki masaki da tsintsiya. Matar ta ce, "Ina kuma za ka da tsintsiyata?"

Ya ce, "Roƙon shara."

Ta ce, "Roƙon me?"

Ya ce, "Abin da ya zube a gindin rumbun mutane, da ragowar da ke ƙasan tulun iri."

Ta ce, "Abin da ake watsa wa kaji? Maigida, ni za a zaga a bakin rijiya, ba kai ba."

Ya tafi duk da haka. Ya bi gida-gida yana sallama, yana sunkuyawa a gindin rumbuna yana shara. A wani gida ya sami gero da wake, a wani ya sami riɗi, a wani 'ya'yan kabewa da gurjiya, a wani rama. Duka ya zuba a masaki ɗaya. Mata suka riƙa leƙowa suna rufe baki da gefen zane. Da ya zo gidan maƙwabcinsa, sai maƙwabcin ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, in yunwa ce ka faɗa mini in auna maka dawa. Kada ka zubar da girman ubanka."

Mutumin ya ce, "Yunwa ce, amma ba tawa ba."

Ya je ya farfasa faƙon da fartanya iyakar ƙarfinsa, gama sa ɗaya ba ya jan garma. Ya kwashi kashin da ke turken san ya watsa. Sa'an nan ya yafa irin nan a cakuɗe, ba layi, ba tsari.

Shekarar farko abin ya fito jefi-jefi kamar gemun saurayi. Amma ya fito. Da ya yi ƙwari, mutumin ya kai san cikin gonar ya kafa masa turke. Kowace safiya sai ya cire turken ya matsa gaba, tun san bai cinye wurin har ƙasa ba. Abin da san ya ci ya ci, abin da ya tattake ya kwanta a kan ƙasa, kashinsa da fitsarinsa kuma suka zauna a wurin.

Matar ta zo ta ga wake ya yi 'ya'ya, ga sa yana ci. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Yanzu waken nan sa za ka ba, mu muna kallo?"

Ya ce, "Tsinki na tukunya. Sauran ba namu ba ne bana. Rabi na sa ne, rabi na ƙasa."

Ta ce, "Ƙasa kuma baki gare ta?"

Ya ce, "Da shi ta ciyar da kakana."

Da kaka ta yi, ya yanki wani sashe ya shanya, ya ɗora a kan rumfa don bazara. Sauran ya bar shi a kwance. Bai share ba, bai ƙone ba. Gefen gonar kaɗai ya share, don kada wutar wani ta tsallako. Maƙwabcin ya tsaya a kan iyaka, bayansa ga tasa gonar fes, ya ce, "Macizai kake tara mana. Duk mai wucewa cewa yake ga gonar malalaci." Mutumin ya gaishe shi da aiki, ya ci gaba da abin da yake yi.

Da rani gara ta shiga sharar tana ci. Matar ta ce, "To ga gara ta cinye rabon ƙasar taka." Ya tona ya nuna mata ƙananan ramukan da garar ta huda cikin faƙon. Ya ce, "Bar ta. Ƙofofi take buɗe wa ruwa."

Bazara ta zo, san bai kwanta ba. Shekara ta kewayo, mutumin ya sake yafa irin, abin ya fito ya fi na bara kauri. Wata shekarar ya ƙara kauri. San ya yi ƙiba har gashinsa yana sheƙi, wani ɗan'uwan mutumin ya gani ya kawo masa karsana kiwo. Amma har a lokacin ba a daina kiran wurin gonar malalaci ba.

Sai ga wata shekara ruwa ya sauka da wuri, kowa ya yi shuka da murna, sa'an nan ruwan ya ɗauke. Rana ta buɗe, ta daɗe tana dukan ƙasa. A gonar maƙwabcin ba abin da ya tsaya tsakanin rana da ƙasa, sai ƙasar ta yi zafi kamar tanda, dawarsa ta nannaɗe ganye ta bushe a tsaye. A gonar mutumin ma wasu sun mutu. Amma gero da riɗi sun jure, kabewa ta rufe ƙasa da faffaɗan ganyenta, wake ya laɓe a inuwar gero, tsohuwar shara kuma ta riƙe laima a ƙarƙashi.

Da ruwan ya dawo, da fushi ya dawo. A gonar maƙwabcin ya sami ƙasa tsirara, ya yanka kwari a tsakiyarta, ya kwashi ƙasar sama ya kai rafi. A gonar mutumin kuwa ya faɗo a kan ganye, ya gangaro a hankali, saiwoyi suka riƙe ƙasa, ruwan ya bi ƙofofin nan ya shige ciki ya zauna.

Shekarar nan maƙwabcin bai sami dawa ba, bai sami kara ba, bai sami karmamin da zai ba shanunsa ba. Da bazara ta yi, shanunsa suka fara kwanciya, sai an kama wutsiya an ɗaga. Wata safiya ya zo ya tsaya a kan iyaka. Ya yi gaisuwa, ya sake gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, maganar ta ƙi fitowa.

Mutumin ya ce, "Ɗan'uwa, je ka kawo su."

Matar ta matso kusa ta ce a hankali, "Wanda ya ce gonar malalaci?"

Ya ce, "Bakinsa ne ya faɗa, shanunsa ba su faɗa ba. Kuma duk abin da suka ci a nan, a nan za su ajiye shi."

Aka kawo shanun, aka kafa musu turaku a cikin gonar, aka sauko musu da harawa daga kan rumfa. Da maƙwabcin ya zo kafa turke, ya ɗaga dutse zai buga da ƙarfi kamar yadda ya saba, sai turken ya shige da bugu ɗaya. Ya tsaya. Ya yaye sharar, ya tura hannu cikin ƙasa, ya ɗebo. Baƙa ce, tana warwatsewa, da sauran sanyi a jikinta a tsakiyar bazara. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Sa'an nan ya ce, "Ni ina share gonata don idon mutane, kai kana rufe taka don ranta."

Shanun ba wanda ya mutu, na mutumin da na maƙwabcin. Da damina ta kewayo, mutumin ya shuka dawa a rabin gonar, cikin sharar, ya bar rabin ga shanu da ƙasa. Dawar ta tashi ta wuce kansa, wuta-wuta sai ɗaya-ɗaya. Ba su ɗaure kaya ba, ba su bar gonar ubansa ba. Matar kuwa, ran da aka kai damman dawa gida, ta je rijiya da hantsi, lokacin da mata suka fi cika, ko da yake randunanta a cike suke. Tana can sai ga maƙwabcin ya wuce da masaki da tsintsiya.

Nan misalin ya ƙare.

Ma'anar wannan misali ita ce, kuma Baba Habila ne ya ba ni ita, ni na ƙara da abin da shekaru suka koya mini.

Gonar nan ikilisiya ce. Mai gonar Ubangiji ne. Sharar gindin rumbu kuwa mu ne, mutanen da ba a sa su cikin lissafi: gwauruwa, da tsoho da ƙarfinsa ya ƙare, da yaron da karatu ba ya shiga kansa da sauri, da baƙon da Hausarsa ba ta nuna ba, da mai in'ina. Duniya kaji take watsa wa irinmu. Amma Ubangiji bai ji kunyar sunkuyawa ya tattara mu ba, kuma a masaki ɗaya ya zuba mu. Ni shara ce aka ɗebo, ina kuwa alfahari da hannun da ya ɗebo ni.

Ku lura, a gonar nan ba wanda ya yi aikin wani. Gero ya miƙe tsaye don wake ya sami abin hawa. Kabewa ba ta taɓa ɗaga kai ba, a ƙasa ta ƙare, amma ita ta hana rana ƙone kowa. Wake kuma aikinsa a ɓoye yake, can cikin saiwa yake ciyar da ƙasa, ba mai gani balle ya yaba. Haka muke. Akwai mai tsayawa a gaba ya yi wa'azi. Akwai mai share coci tun ba wanda ya zo. Akwai tsohuwar da ba ta iya fita, tana ɗaki tana yi muku addu'a da sunayenku, ku ba ku sani ba. Cocin da ta zama mutane iri ɗaya, dangi ɗaya, masu hali kaɗai ko masu murya kaɗai, tana da kyan gani kamar gonar maƙwabcin. Amma fari ɗaya ya ishe ta.

Saboda haka ku 'yan mawaƙa, ina ganinku daga inda nake zama. In wani yaro ya ɗauki waƙa muryarsa ta kauce, sai ku riƙa taɓa juna da gwiwar hannu. Ku daina. Ba ku san ko shi ne kabewar da za ta rufe ku ran da rana ta buɗe ba. Ku ma matan zumunta, wannan zama da kuke yi kowace da 'yan gidansu, baƙuwa ta zo ta rasa inda za ta sa tabarma, ba tsabta ba ce. Tulu-tulu kuka raba kanku kuka liƙe baki da laka. Irin da ke cikin tulu kuwa, in bai fito ya haɗu da ƙasa ba, ba abin da zai haifa.

Gonar nan kuma zuciyarka ce, kai mai saurarena. Zuciyar da aka bari tsirara daga Lahadi zuwa Lahadi, ba addu'a, ba waƙa, ba Maganar Allah, ba gaida mara lafiya, ba taimakon uwa da aiki, faƙo take zama. Ran da baƙin ciki ya sauko da ƙarfi sai ya yanka kwari a tsakiyarta. Na ga manyan mutane da hakan ta same su. Ku rufe zuciyarku, kuma ba da abu ɗaya ba. Wata rana addu'a za ta yi maka nauyi a baki, sai waƙa ta riƙe ka. Wata rana waƙar ma ba za ta fito ba, sai ayar da ka haddace kana yaro ta riƙe ka. Wata rana duka za su yi shiru, sai wata tsohuwa da ka taɓa ɗebo wa ruwa ta zo ta zauna kusa da kai.

Sai maganar turke. Mutumin nan bai bar sansa ya ci har ƙasa ba. Ku ma kada ku ci komai har ƙasa. Alherin iyayenku, haƙurin malaminku, kirkin abokinku, ku ci ku bar saura, ku kuma mayar da wani abu. Wanda yake karɓa kullum ba ya mayarwa, shi ne yake wayar gari ya ce mutane sun canza. Ba su canza ba, ya cinye su ne.

Maƙwabcin kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba. Wanda ya yi maka dariya, ran da shanunsa suka kwanta, ka ce ya kawo su. Matar mutumin nan ta so ta rama, ni ma da ni ce da na so. Amma ku duba, shanun maƙwabcin taki suka bar masa. Alherin da ka yi wa mai zaginka, a gonarka yake zama.

Da Baba Habila ya gama, rana ta yi sanyi, Guntuwa ta gaji da lasar ƙasa ta kwanta. Na ce, "Baba, ma'anar na ji. Amma ni yara gare ni. Abin nan misali ne kawai, ko ana yi?"

Ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Kina da tsintsiya?"

Na ce, "Ina da ita."

Ya ce, "To me kike tambayata?"

Yau duk wanda ya hau tudun nan na gabas da coci ya ga gonar da ba a taɓa ganin ƙasarta a fili, rani da damina, tawa ce. Ku je ku tura hannu, ba na hanawa. Ba a shekara ɗaya ta zama haka ba, kada in yi muku ƙarya. Na sha dariya, na ci tuwon da ba ya kaiwa safe. Amma yarana ba a raba su ba. A ɗaki ɗaya suka girma, a ƙwarya ɗaya suka sha nonon Guntuwa, kuma shanun da kuke gani a turakuna yau jikokin jikokinta ne, dukansu da wutsiyarsu cikakkiya. Iyayen waɗansunku da suka yi mini dariya, a wurina suka zo suka karɓi iri. Ban ambaci suna ba. Sun san kansu, kuma ina gaishe su.

Washegarin ran da Baba Habila ya faɗa mini misalin, na goya autata, na ɗauki masakin da ya fi girma a ɗakina da tsintsiya. Ban fara da gidan kowa ba sai na Yaya Shekarau. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Bilhatu, kin yi tunanin?"

Na ce, "Na yi, Yaya."

Ya ce, "Madalla. Yaushe za a zo a ja saniyar?"

Na ce, "Guntuwa ba ta zuwa ko'ina, Yaya. Yara ma haka. Shara na zo roƙo."

Ya ajiye fartanyar. Ya dubi masakin, ya dubi tsintsiyar, ya dube ni. Ya ce, "Shara?"

Na ce, "Ta gindin rumbunka. Naka ya fi na kowa girma, shi ya sa na fara da kai."

Ya ce, "Ki yi me da ita?"

Na ce, "In shuka a gonar ƙanenka."

Ya sake duban masakin. Can ya tashi ya shiga gida, na ji yana ce wa matarsa, "Lantana, kore kajin nan daga gindin rumbu." Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, hannuwansa biyu cike suke, ɗaya da riɗi, ɗaya da wake, daga cikin tulun irinsa da ya fasa wa laka. Ya tsaya a kaina yana duban inda zai zuba kowanne, don tunda aka haife shi bai taɓa haɗa iri biyu wuri ɗaya ba. Na miƙa masa masakin. Ya runtse ido ya zuba su tare.

Ya ce, "Tunda haukar za ki yi, yi ta da iri mai kyau."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Na gyara goyona, na sunkuya a gindin rumbunsa, na fara shara.